Littafin bashin Kawu na komawa cikin waya

Asabar, 6 ga Janairu, 2024

Yau na wuni a rumfar Kawu da ke kasuwar Sabon Gari ta Zariya, ko kwamfuta ban taɓa ba. Hatsi yake sayarwa, masara da gero da dawa da wake, kuma kamar duk wanda ya daɗe a rumfa ɗaya, cinikinsa da yawa na "rubuta mini" ne. A daminar bara ruwa ya shiga rumfar da dare ya jiƙa littafin bashin, shafuka suka manne, tawada ta bi ruwa. Masu tsoron Allah sun zo da kansu sun faɗi abin da ake bin su. Wasu kuwa ba mugunta ba ce, su ma ba su riƙe lissafin ba, don sun dogara da littafin. Tun lokacin yake ce mini, "Kai da ka yi karatun kwamfuta a Samaru, ba za ka mayar mini da littafin nan cikin waya ba?"

Na ɗauki aikin. Amma kafin in zana komai ina so in ga yadda littafin yake aiki a hannunsa, shi ya sa na samu benci na zauna.

Ba ya rubuta cikakken sunan kowa. Abin da ke ciki shi ne "mai kunu ta Ƙofar Doka", "direban Giwa", "matar liman". Wasu da boko, wasu da ajami, lambobin kuwa duk na boko. Biro yana maƙale a gefen hularsa. Ya zaro, ya buɗe, ya rubuta, ya mayar, na ƙirga sau da yawa, bai cika wuce daƙiƙa biyar ba. Idan an biya, layi ɗaya yake ja. Ke nan abokin gasata shi ne biron nan. Duk ranar da manhajar ta fi shi nawa, Kawu zai koma masa, kuma yana da gaskiya.

Asabar, 13 ga Janairu

Na yanka kwali daidai girman waya, na zana shafukan manhajar da fensir na kai masa. A shafin farko na jera maɓallai takwas: sabon bashi, biya, kayan da ke rumfa, riba, rahoton mako, rahoton wata, da sauransu. Na ce, "Kawu, ga mai kunu ta karɓi tiya biyu ta gero, nuna mini inda za ka danna." Yatsansa ya yi ta yawo a saman kwalin bai sauka ba.

An daɗe da auna wannan. A 1952 wani Baturen Ingila, William Hick, ya nuna cewa gwargwadon yawan abin zaɓi a gaban mutum, gwargwadon lokacin da zai ɗauka kafin ya zaɓa. Na san dokar tun a aji, amma sai yau na gan ta a yatsan mutum. Maɓallai shida daga cikin takwas ɗin ni nake sha'awarsu, shi bai taɓa tambayata su ba. Na bar biyu.

Shafin sabon bashi ma ya sha gyara. Gurabe bakwai na sa, har da adireshi da lambar waya da ranar biya. Ya duba ya ce, "Wannan ai fom ɗin banki ne. Kuma ni in tambayi matar mutum lambar wayarta a kan tiya biyu?" Saura tambaya biyu: wa, da nawa. Wanda yake son ƙarin bayani akwai wuri a ƙasa, ba dole.

Litinin, 22 ga Janairu

Na sayi tsohuwar wayar itel a unguwar PZ, irin ta Kawu sak, mai ƙaramin allo da ƙaramar ƙwaƙwalwa. Daga yau a kanta zan riƙa gwada komai. Abin da ya yi sauri a wayata yana iya yin rarrafe a tasa, ni kuma ba zan sani ba.

Asabar, 3 ga Fabrairu

Gwaji na farko da manhajar gaske, a rumfa, da rana tsaka, ga hazon hunturu.

Abu na farko, rubutun bai ganuwa. A ɗakina na Tudun Wada ruwan toka a kan fari ya yi kyau ƙwarai, ya yi sanyi a ido. A kasuwa sai da Kawu ya kare allon da tafin hannu yana ƙanƙance ido. Na dawo gida na auna. Ƙa'idar da W3C, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin shafukan intanet, ta fitar a 2008 ta ce bambancin haske tsakanin ƙaramin rubutu da abin da ke bayansa kada ya gaza 4.5 bisa 1. Nawa bai kai 3 ba. Ita ma ƙa'idar mafi ƙaranci ta faɗa, ba ta yi lissafin ranar Zariya da ƙurar da ke kwanciya a gilashi ba. Na mayar da rubutun baƙi ƙirin, na ƙara masa girma.

Na biyu, yatsa. Hunturu ya busar da hannun Kawu, babban yatsansa ya yi kaushi ya tsattsage, ga garin hatsi a kai. Sai ya danna sau biyu, sau uku kafin allon ya ji, kuma ya auna 5 ya samu 6. Google na ba masu haɗa manhajar Android shawarar cewa duk abin dannawa ya kai kimanin milimita 9 kowane gefe. Na bi wannan a maɓallai, amma wajen shigar da kuɗi na bar shi da madannin wayar, mai ƙananan haruffa. Yanzu na yi masa nasa allon lambobi, manya, ya cinye rabin fuskar wayar. Har na sa maɓallin sifili biyu, don na ga kalkuletar maƙwabcinsa tana da shi kuma duk sun saba.

Sai wurin da maɓallin gamawa yake. Na sa shi can sama a kusurwar dama. Kawu kuwa da hagu yake riƙe waya, dama tana kan mudu. Sai ya ajiye mudun ya kawo ɗaya hannun. Paul Fitts, wani masani a Amurka, ya nuna tun 1954 cewa saurin kai hannu ga abu ya danganta da girmansa da kusancinsa. Na sauko da maɓallin ƙasa, na shimfiɗa shi daga gefe zuwa gefe, inda babban yatsa yake hutawa.

Akwai wanda ya fi ba ni tsoro. Ya so rubuta 4500 ya rubuta 45000, bai lura ba. A takarda hannunsa ya san tsawon lambar, a waya babu wannan. Yanzu waƙafi yana shiga da kansa, kuma a ƙarƙashin lambar manhajar tana rubuta ta da kalmomi: dubu huɗu da ɗari biyar. Hana kuskure aukuwa ya fi ba da haƙuri bayan ya auku, musamman a maganar kuɗin mutane.

Asabar, 10 ga Fabrairu

Makon kalmomi ne.

A maɓallin gamawa na rubuta "Ajiye". Kawu ya ƙi dannawa. Da na tambaye shi dalili ya ce, "Ai ba ajiya ta ba ni ba, bashi ta ci." A kasuwa ajiya kuɗin wani ne da ya ba ka amana, wato shi ke bin ka. Kalma ɗaya ta juyar da lissafin kai a ƙasa. Na fassaro ta ne daga abin da na saba gani a kwamfuta, ban saurari abin da ake faɗa a rumfa ba, alhali wuni guda na yi ina jin "rubuta mini". Maɓallin yanzu sunansa "Rubuta". Ɗayan kuma "An biya".

Alamomin ma haka. Hoton faifan da ake sawa a matsayin adanawa, Kawu bai taɓa ganin irin faifan nan da idonsa ba. Layuka ukun da ake ɓoye jerin zaɓi a bayansu bai ɗauke su abin dannawa ba, ya zaci ado ne. Duk alamar da ta rage na sa mata kalma a ƙasa. A cikin ƙa'idoji 10 da Jakob Nielsen, masanin sauƙin amfani da manhaja ɗan asalin Danmak, ya tsara a 1994, ta biyu ke nan: manhaja ta yi magana da harshen mai amfani da ita, da abubuwan da ya sani a duniyarsa.

Haruffanmu masu ƙugiya sun ci mini kwana biyu. Salon rubutun da na fara zaɓa ba shi da ƙ da ɗ da ɓ, sai wayar ta aro su daga wani salon, su fito a karkace kamar baƙi a cikin kalma. Na koma Noto Sans, yana da su duka. Kuma na gyara wurin nema, ko mutum ya rubuta "kofa" zai samu "ƙofa", don ba kowa ke da haruffan a madanninsa ba.

Abin da ya tsaya mini a rai wani ne daban. Duk lokacin da Kawu ya rikice sai ya ce, "Ni ne ban iya ba, ka san tsufa." Mutumin da yake riƙe da lissafin mutum sama da ɗari a ka, yake gane gero na bana da na bara da ɗan gutsura ɗaya. Wani masani a Amurka mai suna Don Norman ya yi magana a kan wannan tun 1988, cewa mutane kan ɗora wa kansu laifi idan abu ya gagare su, alhali laifin na wanda ya tsara abin ne. Na ce masa, "Kawu, don Allah duk inda ka tsaya, ni ne ban gyara hanya ba. Tsayawarka nake nema, ita ce take nuna mini aikina." Ya yi shiru, sannan ya ce to a sake.

Asabar, 24 ga Fabrairu

Na faɗaɗa gwajin zuwa mutum biyar: Kawu, yaron rumfarsa, mai kayan shayi da ke kusa da su, wani tela a unguwarmu, da Gwaggo da ke cikin Birni tana sayar da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli daga gida. Nielsen ya rubuta a 2000 cewa mutum biyar sukan bankaɗo kusan kashi 85 cikin 100 na matsalolin amfani da manhaja, kuma gara a yi ƙananan gwaji sau da yawa da a tara jama'a sau ɗaya. Dokar da na sa wa kaina ita ce in ba da aiki in kama bakina. Ba ƙaramin wuya gare shi ba. Kana kallon mutum yana neman abin da ke gaban idonsa, hannunka yana ƙaiƙayi.

Yaron rumfa da tela sun wuce sumul. Gwaggo ce ta koya mini karatu. Boko bai zauna mata sosai ba, ajami take karantawa, amma WhatsApp ba abin da ba ta yi da shi, duk da murya. Da ta iso gurbin suna, sai ta sa yatsa a kusurwar dama ta ƙasa ta danne, ta kawo wayar bakinta ta ce, "Maman 'yan biyu, kwalba ɗaya." Ta saki ta dube ni. Babu komai a wurin da ta danna. Hannunta ne ya je inda ya saba.

"Ɗan nan, ba ta ji ba ne?"

"Za ta ji, Gwaggo, ki ba ni mako ɗaya."

Na sa alamar makirfo a daidai wurin, kuma tana aiki kamar yadda ta saba, a danne a yi magana a saki. Ba na neman manhajar ta mayar da muryar rubutu, ajiye ta kawai take a maimakon suna, mai ita ta danna ta saurara. Maganar ajami tana raina, amma rubutu daga dama zuwa hagu zai taɓa kowane shafi, sai na gama wannan zangon.

Asabar, 9 ga Maris

Na yi kuskure babba, kuma ba a lamba ko launi kaɗai ba.

Shafin farko na manhajar yana nuna jerin waɗanda ake bi, mai bashi mafi yawa a sama, kuɗin da jan rubutu. Haka ake yi a manhajojin lissafi, ni ma ban yi dogon tunani ba. Ranar Laraba wani dattijo ya zo karɓar dawa, ya tsaya dab da Kawu kamar yadda aminai suke yi. Kawu ya buɗe waya. Sunan da ke can sama, da ja, na maƙwabcin dattijon ne, masallacinsu ɗaya. Kawu ya kife wayar a kan buhu da sauri, ya ɗauko littafi ya rubuta. Ban ma gane abin da ya faru ba sai bayan la'asar, da kasuwa ta yi sauƙi ya kira ni gefe.

"Abin nan naka yana tona asirin mutane," ya ce. "Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Amma ka taɓa ganin wanda ya fito da nasa waje?"

Sai a lokacin na tuna wani abu da na gani ranar farko ban rubuta ba, don ban ɗauke shi komai ba. Duk sa'ad da zai buɗe littafin, yakan ɗan juya kafaɗa, ya buɗe shi rabi, ya ɗora tafin hagu a kan sauran sunayen. Na ƙirga daƙiƙoƙin bironsa, ban ga aikin da tafin hannunsa yake yi ba. Rufin asiri yana cikin tsarin littafin tun asali, ni na cire shi.

Na sake shafin farko gaba ɗaya. Babu suna ko ɗaya a kansa, sai wurin nema da maɓallai biyu. Idan ya nemo mutum, shafin mutumin kaɗai ke buɗewa. Jimillar abin da yake bi a waje tana ɓoye sai ya danna. Jan launi na cire shi kwata-kwata.

Na kuma nuna masa wani abu da nake alfahari da shi, saƙon tunatarwa da zai riƙa fita da kansa idan bashi ya yi wata guda. Ya girgiza kai. "Wanda ya ci bashin hatsi bai manta ba, babu ce. Bana ka ga yadda abinci ya yi tsada. In aika masa saƙo ya karanta a gaban iyalinsa?" Na goge shi.

A maimakonsa ya roƙi abin da ban taɓa gani a wata manhaja ba. A littafinsa akwai sunayen da ya ja wa layi biyu. Waɗannan ba biya suka yi ba, yafewa ya yi, wata mijinta ya rasu, wani ciwo ya kwantar da shi. Ba ya so a rubuta musu "An biya" don ba gaskiya ba ne, ba ya kuma so sunan ya ci gaba da zama cikin waɗanda ake bi, kada bayan ransa 'ya'yansa su je nema. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, ita ce ta yi umarni da rubuta bashi, kuma ta 280 ta ce a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci, yafewa kuma ta fi alheri. Kawu da duka biyun yake aiki. Yanzu akwai maɓalli na uku a shafin kowane mutum, ƙarami, a ƙasa: "Na yafe".

Asabar, 16 ga Maris, 6 ga Ramadan

Shekaranjiya Alhamis wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Kodebuwa, sabis ya rikice a ƙasashen Afirka ta Yamma da dama har da Najeriya. A kasuwa tura kuɗi ya yi ta wahala, masu cewa "rubuta mini" suka ƙaru. Tun farko na gina manhajar ta riƙa rubutawa cikin wayar kanta, sai in an samu sabis ta tura kwafi, don haka ba ta tsaya ba. Amma ƙaramin da'irar da ke nuna ana turawa ta yi ta juyawa ba ƙarewa. Kawu ya zaci bai shiga ba, ya sake rubutawa. Mutum ɗaya ya tashi da bashi uku.

Ƙa'idar farko a jerin Nielsen ita ce mutum ya san halin da manhaja take ciki a kowane lokaci. Masu bincike sun daɗe da cewa amsar da ta zo cikin kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa mutum yana jinta nan take, daƙiƙa ɗaya ba ta katse masa tunani, bayan daƙiƙa 10 kuwa hankalinsa ya tafi. Tawa ta bar shi ba amsa sam. Na cire da'irar. Da ya danna "Rubuta" wayar tana ɗan girgiza, alamar maki ɗaya ta fito, wato ya shiga waya. Idan kwafin ya tafi ta zama biyu. Ban yi masa bayani ba, ya gane, don ya san su a WhatsApp. Idan kuma aka shigar da suna ɗaya da kuɗi ɗaya sau biyu a jere, manhajar tana tambaya.

Tambayar "Ka tabbata?" da ke fitowa a ko'ina kuma na rage ta. Na lura yaron rumfa yana danna "E" ba tare da ya karanta ba. Yanzu aikin yana wucewa, sai "Mayar" ta tsaya a ƙasa na ɗan lokaci ga wanda ya yi kuskure.

Asabar, 6 ga Afrilu

Sallah saura kwana kaɗan, rumfa ta cika da masu sayen hatsin zakkar fid da kai. Ban kawo wani sabon abu ba, ba lokacin canza wa mutum hanya ba ne. Na tsaya gefe da agogo. Tsohon abokin ciniki yana ɗaukar daƙiƙa shida zuwa bakwai a waya, sabo ya kai goma sha biyu. Biro yana gaba har yanzu. Da cunkoso ya yi yawa Kawu ya koma littafi, yaron ya kwafe zuwa waya bayan shan ruwa. Inda wayar ta yi nasara shi ne nema: wata ta zo biya, kafin ta kwance bakin zaninta an samo shafinta.

Asabar, 20 ga Afrilu

An yi Sallah ranar Laraba 10 ga wata lafiya. Na koma aiki da abubuwa uku a gabana.

Kawu ya ƙara girman rubutun wayarsa har ƙarshe saboda idonsa, sai "An biya" ta yanke ta zama "An bi", wanda kusan kishiyar ma'anar ce. Na gyara maɓallan su riƙa buɗewa gwargwadon rubutun.

Direbobin Giwa sun zama biyu a jerin, yaron ya rubuta wa ɗaya bashin ɗayan. Ina gwada nuna ranar ciniki na ƙarshe a ƙarƙashin kowane suna idan ana nema, ba tare da kuɗin ba.

Na ukun ya fi nauyi. Wayar Gwaggo ta gida ce, jikoki suna kallon bidiyo da ita, masu talla suna kira da ita. Wani ya shiga ya danna "An biya" a kan mutum huɗu. Allah ya taimaka na sa komai yana barin sawu, muka mayar. Kulle ya zama dole, amma lambar sirri wani nauyi ne a kanta, in ta manta littafinta ya rufe mata, wayar kuma ba ta karanta zanen yatsa. Ina tunanin a bar rubuta sabon bashi a buɗe, tunda yaran ne ma suke dawowa da labarin wanda bai biya ba, a kulle biya da yafewa kawai. Ban yanke ba. Na zana hanyoyi biyu a kwali, ranar Talata bayan azahar zan shiga Birni in ajiye su a gabanta in ga wanda yatsanta zai fara zuwa.